Waƙa da Bango: Wa Ke Bin Wani Bashi?

'Yan'uwa marubuta, a ce yau an shirya daren tsofaffin waƙoƙi a Kaduna domin tara kuɗin gyaran Gidan Arewa, inda Sardauna Ahmadu Bello ya zauna har aka kashe shi a 1966. Matasan makaɗa su tashi waƙoƙin Shata da na Ɗanƙwairo, masu hali su yi ta liƙi. Babu shakka aikin alheri ne. Amma shin adalci ne mu kwashe gumin mamaci mu yaɓe bango, magadansa ba su ga ko sisi ba?

Wani zai ce ai gidan tarihi na kowa ne. Haka ne. To, waƙar fa, ba tarihi ba ce? Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999. Bango in ya tsage, magini na nan. Faifai kuwa in ya lalace ba a kwafa ba, muryar ta tafi ke nan.

Saboda haka muna ganin a kasa kuɗin uku: kaso ɗaya na gini, ɗaya na adana faya-fayen, ɗaya na magada. Yaba kyauta tukwici.