Shin Baƙo Yana Dasa Mangwaro?



Damina ta kankama, masu sayar da dashe sun jera mangwaro, lemo, gwaiba da fiya a bakin hanya. Da yawanmu sai mu kalla mu wuce, muna cewa a zuci: wa ya san ko muna nan ranar da zai yi 'ya'ya? Wannan tambaya ba ta wasa ba ce.

Masu faɗin haka suna da hujjarsu. Wanda ya ga abin da ya faru a Kafanchan a watan Maris na 1987, ya sake gani a Afrilun 2011 lokacin da kasuwa ta ƙone, ba za a zarge shi ba in ya fi son dukiyar da ke shiga aljihu. Itace kuwa ba ya shiga mota. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo kan kai shekara 5 zuwa 8 kafin a sha, mai aure kuma shekara 3 zuwa 4. Hausawa ma sun ce baƙo raɓa ne.

To amma mu raɓa ne? Kakanninmu da dama sun biyo layin dogo tun shekarun 1920, daga Kano, Zariya da Katsina. Su ma babu wanda ya ba su tabbacin gobe, duk da haka sun dasa. Manyan itatuwan da muke shimfiɗa tabarma a inuwarsu, waɗanda yaranmu ke jifa da bazara, yawancin masu dasa su suna kwance a maƙabarta. Mun sha na wasu, shin ya dace mu tafi ba mu bar wa kowa komai ba?

Addini ya sauƙaƙa mana lissafin. Manzon Allah (SAW) ya koyar da mu cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga dashen musulmi, ladan sadaka ne gare shi. Ashe ko mun bar gidan, ko wani ya gaje shi, ba mu yi asara ba.

Sannan akwai maganar maƙwabci. Reshen da ya tsallaka katanga ba ya tambaya ko Bajju ne a can, ko Fantswam, ko Bahaushe. In ya nuna, a cika kwano a aika, kada a jira yara su yi faɗa a kansa. In kuma ganyensa ko saiwarsa na cutar da su, hakkinsu ne mu sare reshen ba tare da gardama ba.

Allah ya ba yankin nan ruwan sama da ya fi na Kano yawa, kada mu yi wasa da ni'imar. Mai gidan kansa ya sa mangwaro ko fiya, nesa da gini, rijiya da salga. Ɗan haya ya nemi izinin mai gida, ya sa gwanda, wadda kan yi 'ya'ya cikin shekara guda. A kewaye dashen saboda awaki, a damƙa wa yaro ɗaya ban ruwa da rani.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa jikokinmu su sha inuwar. Amin.