Gona Tsakanin Al'ada da Rubutacciyar Doka

A Yalwan Damai da sauran ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, kamar yawancin karkarar ƙasar Hausa, gona ɗaya tana ƙarƙashin hukunci iri uku a lokaci guda. Akwai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka a karkara. Akwai shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, wadda alƙalai ke raba gado da ita tun kafin zuwan Turawa. Sannan akwai al'ada, wadda ba a rubuta ta ko'ina ba, amma ita ce ke faɗin inda iyaka ta tsaya, da wanda aka ba aro, da wanda ya karɓi jingina, wato riƙe gonar mutum har sai ya biya bashin da ya ci.

Malaman fiƙihu ba su ɗauki al'ada abokiyar gaba ba. Abin da suke kira urfi, wato ɗabi'ar da jama'a suka saba da ita har ta zama sananniya a tsakaninsu, hujja ce da alƙali zai iya dogara da ita matuƙar ba ta saɓa wa nassi ba, kuma Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a Masar a 1285, ya tafi a kan cewa hukuncin da aka gina bisa al'ada yana sauyawa idan al'adar ta sauya. Duk da haka Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙi, ya soki al'adun sarakunan Hausa irin su gaisuwa, wato kyautar da ake kai wa masu mulki, da jangali, domin daɗewar abu ba ta mayar da shi adalci.

Ƙarfin al'ada yana cikin kunya da tsoron zubewar mutunci, waɗanda suke aiki ba tare da ɗan sanda ko kuɗin shigar da ƙara ba. Mai unguwa ko dagaci yakan sasanta rikicin iyaka da safiya guda, saboda dattawa sun san bishiyar da kakanni suka shata iyakar da ita, kuma masu husumar za su sake haɗuwa a masallaci da kasuwa. Sai dai kunya ba ta danne kowa daidai. Shari'a ta ba ɗiya mace rabin rabon ɗa namiji, amma a gidaje da yawa gona takan zauna a hannun 'yan'uwa maza da sunan kada a raba gandu, ita kuwa macen da ta kai yayanta gaban alƙali za a ce ta yanke zumunci, ko da hukunci ya ba ta gaskiya. A nan rubutaccen hukunci ne ke tare da mai rauni, al'ada kuwa tana tare da wanda ke riƙe da fartanya.

Wani lokaci lamarin yakan juya. Yarjejeniyar da ta ba makiyayi damar shiga gona bayan girbi, shanunsa su ci kara su bar taki, ba a taɓa rubuta ta ba, ta kuma raunana tun da kara da harawa suka zama abin sayarwa. Dokar wuraren kiwo ta Arewa ta 1965 tana nan a takarda, amma ba ta hana a nome burtali ba inda dattawa suka kau da kai.

Jamhuriyar Nijar ta gwada wata hanya da dokar karkara ta 1993, wadda ta daidaita mallakar al'ada da ta takarda, ta kuma kafa kwamitocin filaye da ke rubuta aro da jingina da sayarwa a gaban sarakunan gargajiya da wakilan manoma da makiyaya. Wannan ya yi kusa da umarnin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, cewa a rubuta bashi a kafa shaidu. Matsalar da ta rage ita ce, wanda ya riga zuwa wurin magatakarda shi ne sigarsa ta al'ada ke shiga littafi, kuma da wuya ya zama bazawara ko makiyayin da ya tafi cin rani.