Idan Mun Saɓa, Me Muke Nema?



Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birninta, aikin gwamnati da kasuwanci suka tara Kiristoci daga wurare dabam dabam: Hausawa, Ibo, Tibi, mutanen Filato da na kudancin Kaduna. A gaban bagadi ɗaya muke durƙusawa, amma ba da harshe ɗaya aka yaye mu ba. Don haka saɓani ba ya rasa tasowa: da wane harshe za a yi waƙa a Misa, wa zai riƙe kuɗin bikin godiya, wa zai shugabanci Zumuntar Mata. Hausawa sun ce, zo mu zauna, zo mu saɓa. Tambayar da ke gabanmu ita ce: in mun tabbata gaskiya tana wajenmu, wannan ya ba mu izinin kayar da ɗan'uwa?

Waɗansu sukan ce gaskiya ba ta bukatar lallashi, sai su faɗe ta a bainar jama'a, ko wa za ta kunyata. Waɗansu kuma sukan zaɓi shiru don a zauna lafiya, amma maganar da suka haɗiye a taro takan fito a kasuwa, ta zama gulma. Na fari sun tsare gaskiya sun rasa mutum. Na biyu sun rasa duka biyun.

Ikilisiya ta fari ma ta saɓa. A sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni, masu bi da ke jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana mantawa da gwaurayensu wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su kira su masu raba kan jama'a ba. Suka tara masu bi, aka zaɓi mutum bakwai su kula da rabon, dukansu kuwa sunayen Helenanci gare su, har da Istifanus. Aka saurari masu kuka, aka kuma danƙa amanar a hannun da za su yarda da shi.

A sura ta 15, Bulus da Barnaba suka yi gardama mai zafi a kan Markus, saurayin da ya bar su a Bamfiliya aiki bai ƙare ba. Bulus yana da hujja. Amma Barnaba, wanda manzanni suka laƙaba wa wannan suna saboda halinsa na ƙarfafa zukata, ya ɗauki Markus suka tafi Kubrus. Bayan shekaru, Bulus da kansa ya aika wa Timoti ya zo masa da Markus, gama yana da amfani ga aikin. Da kowa ya tsaya a kan hujjar Bulus, da an rasa Markus.

Saboda haka sai mu bambanta abin da yake na bangaskiya da abin da yake na al'ada ko tsari. A kan na fari ba mu da ikon sassautawa. Amma yawancin rigingimunmu na biyun ne, kuma a nan mai rinjaye ya kamata ya fara sunkuyawa. Ubangijinmu ya nuna hanya a Matiyu sura ta 18: a fara ganin ɗan'uwa a keɓe, in bai ji ba a tafi da mutum ɗaya ko biyu, daga baya a kai wa ikilisiya. Mu kuwa sau da yawa daga ƙarshe muke farawa.

A 1995, a birnin Yawunde, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya tabbatar da koyarwar bishop-bishop na Afirka cewa Ikilisiya iyalin Allah ce. A cikin iyali, wanda ya ci gardama ya kori ƙanensa daga gida, hasara ya yi. Mu a Dutse ba mu da yawa, balle mu yi wasa da ko mutum ɗaya. A watan Satumba na 2006, sa'ad da aka ƙone majami'u a garin nan, wutar ba ta tambayi ɗarika ko ƙabila ba.

Kafin mu miƙa hannu don gaisuwar salama ranar Lahadi mai zuwa, bari kowannenmu ya tuna da wanda ya daina zuwa sujada tun ranar da muka rinjaye shi a taro, ya je gidansa ya gaishe shi. Allah ya ba mu zuciya irin ta Barnaba. Amin.