Canjin Suna Ba Ya Canja Hukunci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, akwai wata magana da ta fara shiga majalisun samari tun daga Ƙauran Namoda har Shinkafi da Zurmi. Yaro ya je Abuja ko Legas, ko ya kalli bidiyo a waya, ya dawo yana lissafo ire-iren wuski kamar mai karanta nahawu. Zai ce maka shi ba ya sha, sani ne kawai. Amma ka lura da shi: in an ambaci mai shan burkutu sai ya yi tsaki, in an ambaci mai shan wuski sai ya ce ai wannan wayayye ne. To, tambayarmu ita ce, tsada da ƙamshi da sunan ƙasa suna mai da ƙazanta tsarki?

Bari mu buɗe kwalbar da ilmi. Wuskin Sikotilan da sha'ir ake yinsa. A jiƙa shi ya yi tsiro, wasu su busar da shi da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama mai cin wuta, daga nan ƙaurin da ake yabo ya fito. Sai a tace shi ta hanyar tururi, a zuba a gangar katako shekara 3 ko fiye. Na Amurka da ake kira Bourbon, aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsinsa masara ce, kuma zaƙinsa daga sabuwar ganga ce da aka babbake cikinta. Japan ta kafa masana'antarta ta Yamazaki a 1923, da dabarar da aka koyo daga Sikotilan. Dukkansu abin da ke bugarwa a ciki ba ya kasa kashi 40 cikin 100.

Ka ji fa. Hatsi, tsiro, ruɓawa. Ba haka mai burkutu take yi da dawa ba? Bambancin kawai, wuski ya ninka burkutu ƙarfi sau da yawa. Ashe wanda kake girmamawa ya fi wanda kake rainawa kusa da gushewar hankali.

To daga ina girman ya zo? A zamanin Turawa doka ta hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai a Arewa, amma Bature yana shan abinsa a kulob. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929 yana kwasar gyaɗa da auduga, idon talaka kuwa ya saba ganin kwalba a teburin mai mulki. Bature ya tafi, kwarjinin kwalbarsa ya zauna a zukata.

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce. Abu Musal Ash'ari, Allah Ya yarda da shi, ya tambayi Annabi (SAW) game da abin sha iri biyu na mutanen Yaman, ɗaya na zuma, ɗaya na hatsi. Annabi bai tsaya kan ɗanɗano ko asali ba, ya haramta duk abin da ke sa maye. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida kuma ta jera giya tare da caca da gumaka.

Kada ka ce ai tun shekarar 2000 Shari'a ta hana sayar da giya a Zamfara, saboda haka ka tsira. Doka tana rufe shago, ba ta rufe zuciya. Wanda ya girmama abu a gida, ran da ya sami kansa a otal a wani gari, babu mahaifi babu malami, me zai hana shi ɗanɗanawa? Ɓarna daga sha'awa take farawa, ba daga kofi ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, in an kawo hirar a majalisarku, kira abin da sunansa: giya ce. Mai burkutu da mai wuski duka 'yan'uwa ne masu bukatar nasiha, kada ka wulaƙanta ɗaya ka yi wa ɗaya fadanci.

Allah Ya tsare mana hankulanmu, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.