Mai Taɓin Hankali da Danginsa: Mi Ya Wajaba a Kanmu?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku ƴan'uwa musulmi, akwai wata cutar ƙwaƙwalwa da likitan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, ya raɗa wa suna sikizofireniya a shekarar 1908. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 24 ne ke fama da ita. Mai wannan cuta yakan dubi fuskar ɗan'uwansa ya ga ƙiyayya inda babu ita, a gaishe shi ya ɗauka barazana ce.

Da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, masana sun gano cewa sassan da ke karanta fuska da gane nufin mutane, musamman waɗanda ke bayan goshi, ba su aiki daidai ga mai cutar. Sun kuma ga alamar haka, amma kaɗan, ga wasu ƴan'uwansa na jini masu ƙoshin lafiya.

To, mi ya wajaba a kanmu? Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa hankali sharaɗi ne na taklifi. Saboda haka mummunan zaton da cuta ta haifar ba zunubi ba ne. Dukansa ko sa masa mari zalunci ne; haƙƙinsa mu kai shi likita.

Amma danginsa, cikin ƴan'uwa goma kusan tara ba za su taɓa kamuwa ba. Idan muka hana su aure, ko muka kira gidansu gidan mahaukata, mun yanke hukunci a kan abin da Allah kaɗai Ya sani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare harsunanmu. Amin.