Wa Ganuwa Take Tsarewa?

Wani ɗalibi ne ya jefo mana tambayar a aji, ranar da muke karanta tarihin Kanta. Ya ce, "Malam, da a ce Fakku na da ganuwa irin ta Surame, da ɓarayin daji sun bar mu mun yi barci?" 'Yan ajin suka yi dariya, mu ma muka murmusa muka wuce. Amma tambayar ta biyo mu har gida.

Mai karatu, kada mu raina hikimar magabata. A zamanin da ƙarfin yaƙi ke kan doki da mashi da kibiya, ganuwa mai gwalalo a gindinta ta fi dubun barade amfani, domin doki ba ya tsallake bango. Muhammadu Kanta ya san haka, shi ya sa a ƙarni na 16 ya kewaye Surame da duwatsu, ga kufanta nan har yau a ƙasar Binji. Ganuwar Kano kuwa, wadda Sarki Gijimasu ya aza harsashinta wajen ƙarni na 12, ta haɗa har da gonaki da kududdufai a cikinta, don ko an yi wa birni zobe mutane su ci su sha. Argungu ma ta yi shekaru tana gagarar Sakkwato da Gwandu, har rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman ta sha kashi a can a 1892.

To, amma ganuwa lokaci kawai take saya wa masu ita. Alƙalawa na da tata, ta faɗi a 1808. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Turawa suka kafa igwa a yammacin Kano, Sarki Alu yana can hanyar Sakkwato, cikin yini ɗaya aikin ɗaruruwan shekaru ya tashi a banza. Su kansu Turawan ba su tsira ba. Faransa ta zuba dukiya ta gina layin Majino a kan iyakarta da Jamus, a 1940 Jamusawa suka zagaye shi ta dajin Arden.

Wannan duk sanannen abu ne, kuma ba shi ya hana mu barci ba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne: wa ya ɗauki ƙasar ginin a ka, wa kuma yake ciki idan sarkin ƙofa ya ja ƙyaure da almuru? Bayan damina akan kira talakawa gyaran inda ruwa ya zubar, na birni da na ƙauye. Amma ran da mahara suka ɓullo, wanda gonarsa ke nesa sai dai ƙafarsa ta cece shi, rumbunsa kuma ya zama abincin wuta. Ashe kowace ganuwa hukunci ce da wani ya yanke, cewa waɗannan za a tsare, waɗancan kuma Allah Ya kyauta. Mu marubuta mun cika yabon tsawon bango, ba kasafai muke leƙa bayansa ba.

A nan ne muke ganin ribaɗin Muhammadu Bello ya sha bamban. Shi da ya gina ganuwar Sakkwato a 1809 bai tsaya nan ba. Ya kakkafa garuruwa masu kafi a bakin iyaka, ya zaunar da manoma da masu sana'a da malamai, ya ɗora 'ya'yan gidan sarauta a kansu. Ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ya zauna nan kusa da mu a Tambuwal, yana fuskantar Kabawa. Shi kansa Bello a ribaɗin Wurno ya rasu a 1837. Ba mu ce babu tilas a lamarin ba, domin akwai bayi cikin waɗanda aka zaunar. Sai dai mai ba da umurni yana kwana inda haɗarin yake, kukan da ya tashe talaka shi ma zai tashe shi.

Gwada wannan da abin da ya faru a Borno a 2019, lokacin da aka janye sojoji daga ƙananan wurare aka tattara su a manyan sansanoni masu ramuka kewaye. Dalilin a fili yake, ana yawan afka wa ƙananan sansanonin, kuma soja ma ɗan wani ne. Amma mutanen ƙauyuka da yawa sun koka cewa an bar su a fili. Mu ma da muke wannan magana, wanenmu ne in ya sami hali a birni ba ya ɗaga katangarsa, ya jera mata fasassun kwalabe, maƙwabci ko oho?

Washegari muka koma aji muka zana wa yaron Surame a allo, muka ce lallai irinta za ta rage wa masu shigowa gari da dare ƙarfi. Ya dubi zanen ya daɗe. Sannan ya ce gonar babansa tafiyar awa guda ce daga gari, ya tambaya ko ganuwar za ta kai can.