Motar da Ake Wankewa da Ruwan Kwalba

Na daɗe ina tambayar kaina ko fim zai iya sukar alfahari da dukiya ba tare da ya kwaɗaita mana ita ba. Tambayar ta taso mini ne wani dare da muka kalli wani fim ɗin Hausa a tsakar gidanmu. Labarin sananne ne: attajiri ya wulaƙanta talakan da ya zo neman auren 'yarsa, daga baya karayar arziki ta same shi, ya yi nadama. Da aka tashi, ban ji wanda ya ambaci nadamar ba. Ƙanwata leshin Hajiya take ta yabo, yayana kuwa gardama yake kan ƙirar motar Alhaji. Ni kaina, in ba zan ɓoye ba, labulen falon ne ya tsaya mini a rai.

Ban ga laifinmu sosai ba. Kyamara ta kwashe sa'a biyu tana bin kujeru da gwala-gwalai sannu a hankali, kamar dillaliya mai baje haja, sannan aka bai wa wa'azi minti biyar. Ido kuwa abin da aka daɗe ana nuna masa shi yake riƙewa. Wani abin ma, sau da yawa gidan da motar aro su aka yi ko haya domin ɗaukar fim. Mai faɗa mana cewa kayan aro ba ya rufe katara, da kayan aron ya yi kwalliya.

Na ɗauka babu mafita, sai da na kalli Xala, fim ɗin da Ousmane Sembène na Senegal ya fitar a 1975. El Hadji Abdou Kader Bèye ɗan kasuwa ne a Dakar da ya yi mata ta uku domin a san ya isa, har da mota cikin kayan aure. A daren farko aka ɗaure shi, ya kasa kusantar amarya. Sembène bai jira ƙarshen labari kafin ya hukunta shi ba. Tun a lokacin da ake nuna dukiyar yake mayar da ita abin dariya. Direba na wanke Marsandi da ruwan Evian da aka shigo da shi daga Faransa, mabarata kuma na zaune a bakin titi. 'Yarsa Rama tana yi masa magana da Wolof, shi yana amsawa da Faransanci, domin har harshe ya zame masa kayan ado. Motar tana sheƙi, amma ban ji ina sonta ba. Kunya ce ta kama ni, domin an haɗa mini ita cikin hoto ɗaya da waɗanda aka tauye kafin a saye ta.

A nan nake ganin alhakin mai shirya fim yake: wa ya bari ya shigo cikin hoton tare da motar? A fim ɗin da muka kalla a tsakar gida, maigadin da ke buɗe wa Alhaji ƙofa ya fito ya fi sau goma, amma kullum bayansa ake nunawa. Har aka rubuta sunayen 'yan wasa ban ga fuskarsa ba.